Ƙwayoyin filabonoyid ko wankin haƙori: wanne ya dace da dasashin mai ciwon suga?

'Yar'uwa, kin ce Baba yana fama da ciwon suga, dasashinsa na zubar da jini duk sanda ya goge baki, haƙori ɗaya ma ya fara girgiɗa. Kin ga ana tallar ƙwayoyin filabonoyid, shi ne kike tambaya ko su za ki saya masa, tunda yana tsoron zuwa wurin likitan haƙori. Allah ya ba shi lafiya.

Filabonoyid dai ba ƙarya ba ne. Sinadarai ne da ke cikin tsirrai: kwasetin a albasa da tuffa, EGCG a koren shayi, hesferidin a lemu. Abin da ya ja hankalin masana gare su shi ne irin ɓarnar da suga ke yi. Idan ya daɗe yana sama, yakan manne wa furotin na jiki ya haifar da abubuwan da ke ruruta kumburi. Sai jiki ya wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin cutar baki, har ya riƙa cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori. Shi ya sa haɗarin wannan ciwo na dasashi ga mai suga ya ninka na sauran mutane kusan sau 3, kuma tun 1993 wani masanin haƙori, Harald Löe, ya kira shi illa ta shida cikin illolin ciwon suga. A ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, an ga filabonoyid na kwantar da kumburi, yana rage zaizayar ƙashi. Sai dai mafi yawan hujjar a nan ta tsaya. Gwajin da aka yi a kan mutane ƙanana ne, kuma galibi ƙari aka yi da shi bayan an riga an wanke haƙoran.

Shi kuwa wankin haƙori tushen matsalar yake taɓawa. Ki duba bayan haƙoran Baba na ƙasa, wataƙila ki ga wani datti rawaya da ya daskare, kamar wanda ke kama gindin butar shayi. Irinsa na nan ɓoye a ƙarƙashin dasashi. Likita zai zura wani siririn ƙarfe mai zanen awo tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen baki ba ya wuce milimita 3. Idan ya nutse 5 ko 6, rami ya samu, kuma buroshi ba ya kaiwa can. Babu ƙwayar da za a haɗiya ta narkar da wannan dattin, sai an kankare shi. Abin da ya fi burge ni, amfanin bai tsaya a baki ba. Bitar da Cochrane, cibiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta fitar a 2022 ta nuna cewa wannan aikin na sauke awon HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na watannin baya, da kimanin maki 0.43 cikin ɗari bayan wata 3 zuwa 4. Ga mai fafutukar saita suga, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka ni dai shawarata ki lallaɓa shi ya je. Ki gaya masa ana yin allurar kashe zafi idan ramin ya yi zurfi. Girgiɗar nan ce ta fi damuna, don ƙashin da ya zaizaye da wuya ya dawo. Filabonoyid ɗin kuwa, Baba ya same shi ta abinci da shayin da ba suga. Idan kuma dole sai ƙwayoyin, a fara tambayar likitansa, domin a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta yi gargaɗi cewa miligiram 800 na EGCG a rana, ko fiye, na iya taɓa hanta.

Ranar da zai je, ya karya kumallo, ya sha maganinsa yadda ya saba, ya kuma tafi da sakamakon awon sugansa na ƙarshe.