Faranti mai gurbi huɗu da ya nuna min ciwon da ke hantsar saniyata

Shanu biyar nake tatsa a bayan garin Zariya, uku Bunaji, biyu ruwa-biyun Bunaji da Firiziyan, shanun madara na Turai. A daminar bara ɗaya daga cikin ruwa-biyun ta fara kai ƙafa duk sanda aka taɓa hantsarta. Madararta fara sol, ba gudaji, ba jini. Yaron da ke taya ni tatsa ya ce rashin kunya ce kawai, har ya fara ɗaure mata ƙafafu. Raina bai kwanta ba.

Malamin dabbobi ne ya sa na sayi kayan gwajin ciwon hantsa da ake kira CMT, wanda aka ƙirƙiro a Kaliforniya ta Amurka a 1957. Farin faranti ne na roba mai mariƙi da gurbi huɗu, kowane kan nono da gurbinsa, sai kwalbar ruwa mai launin shunayya. Ka zubar da tatsar farko, ka tatsi kamar rabin ƙaramin cokali a kowane gurbi, ka zuba ruwan daidai yawan madarar, ka jujjuya kamar daƙiƙa 10. Gurbi uku suka tsaya tsululu. Na huɗu, na baya ta hagu, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ashe baiwar Allah ciwo take ji, mu kuma muna ɗaure ta. Har yau abin yana damuna.

Malam ya yi mata magani, muka zubar da madararta har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin suka cika. Asara ce, amma ba zan ɗura wa 'ya'yan mutane ragowar magani a fura ba.

Inda na ga gazawar kayan gwajin: takardar bayanin da Turanci take, mai shagon kuma bai iya nuna min komai ba. Gwajin ba ya faɗa maka irin ƙwayar cutar, sai dai ya ce akwai matsala. Kada kuma a gwada saniyar da ta haihu kwana biyu ko uku, dakashi yana iya yin yauƙi ko lafiyarta lau.

Yanzu duk ranar Asabar nake gwada su. Wadda ta yi yauƙi ita ake tatsa a ƙarshe, bayan an wanke hannu da sabulu. Igiyar nan kuwa na cire ta daga garke.