Change.org: yana tara sa hannu, amma ba ya kai takarda ofis

Buɗe koke a Change.org, shafin intanet na tara sa hannun jama'a, kyauta ne. Abin da ake buƙata: imel, take, wanda ake kai wa kuka, hoto guda. In maganar ruwan famfo ce ko sharar da ta toshe kwata a Kurna ko Dorayi a Kano, nan da nan ya karaɗe WhatsApp.

Inda gizo ke saƙa shi ne imel, don sai da shi ake sa hannu. Dattawa da matan gida da yawa ba su da shi, su kuwa abin ya fi shafa. Kuma sa hannun intanet kaɗai ba ya tilasta wa REMASAB (hukumar kwashe shara ta Jihar Kano) ko Hukumar Ruwa amsawa. Sai an buga koken kwafi biyu, buƙata ɗaya tak, mai unguwa ya sa hannu, a kai ofis, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, a riƙe shi don bibiya.