Dashen itatuwa na masu fulawa a bakin titi: abin da ya cancanci saye da abin da zai mutu

Da damina ta kankama, masu fulawa na bakin titi a Kano, Kaduna, Katsina da Maraɗi sukan cika da dashe a baƙaƙen ledoji: mangwaro ɗan aure, gwaiba, lemo, turare, darbejiya, zogale, har da kwakwar manja da aka ɗauko daga kudu. Ta fuskar sauƙin samu da araha sun cancanci yabo, kuma da yawansu sun iya auren mangwaro da lemo ƙwarai. Inda suka gaza shi ne ba safai suke tambayar mai saye inda zai dasa ba, alhali kowace bishiya da irin ƙasar da aka halicce ta dominta.

Ruwan sama na shekara a Damagaram bai cika wuce milimita 400 ba, a Kaduna ya haura 1,000, a Fatakwal kuwa ya zarce 2,000. Ayaba da kwakwar manja 'ya'yan kurmi ne: ganye mai faɗi da ke fitar da ruwa ba ƙaƙƙautawa, saiwa kuma a sama-sama. In an kai su ƙasar jigawa, sai iskar hunturu ta yayyaga ganyen, zafin Afrilu ya ƙarasa su. In ba fadama ko rijiyar burtsatse gare ka ba, bar su a wurin mai su.

Itatuwan da suka san fari su ne aka fi rasawa a wurin masu fulawa, kuma abin takaici ne. Aduwa da magarya da bagaruwa ƙananan ganyaye gare su da ƙaya, ruwan da suke asara kaɗan ne. Kuka tana tara ruwa a kututturenta, ta zubar da ganye da rani. Dakwara, wadda ake samun ƙaro daga gare ta a Yobe da Borno da Jigawa, ƙasa mai yashi take so. Gawo ya fi su duka ban mamaki: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, domin uwar saiwarsa tana nitsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa, ba inuwar da za ta danne shi, ga takin ganye da na dabbobin da suka sha inuwa da rani.

To a nan ledar take yin ɓarna. Yawancin ledojin gajeru ne, ba su kai tsawon tafin hannu da yatsu ba. Gawo ko aduwa in ya daɗe a ciki, uwar saiwar takan kai ƙasan leda ta nannaɗe kamar gammo. Irin wannan dashe yana iya yin shekara biyu yana nan yadda yake, sannan ya bushe, don saiwar ba ta taɓa miƙewa ƙasa ba. Kafin ka biya, ɗaga ledar. In saiwa ta huda ta kama ƙasa, ko ka ji dunƙule mai tauri a gindi, ajiye. Nemi mai wata uku zuwa huɗu a leda mai zurfin santimita 25 zuwa 30, ko da ya fi sauran ƙanƙanta. Ranar dasawa a yanke santimita 2 daga gindin ledar da wuƙa mai kaifi, a tsaga gefe, a cire ledar gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba.

Matsala ta biyu shagwaɓa ce. Dashen da ya saba da inuwa da ban ruwa safe da yamma, in an kai shi fili kai tsaye, cikin mako guda zai yanƙwane. A ajiye shi a rana mako biyu zuwa uku ana rage masa ruwa a hankali. Rami ya zama santimita 50 faɗi, 50 zurfi, a gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki gara yake jawowa, kuma turare ne gara ta fi yi wa illa. A dasa a watan Yuli da ruwa ya zauna. Wanda aka dasa a Satumba ba ya samun lokacin kafa saiwa. A kewaye da ƙaya ko kwando saboda awaki. Tsakanin gawo da gawo a gona a bar mita 10.

Turare daga Ostireliya ya fito, yana girma da sauri amma yana shan ruwa sosai, don haka a nisanta shi da rijiya da gonar hatsi. Darbejiya, 'yar asalin Indiya, ta karɓi ƙasarmu kuma dashenta ba ya ba da wahala.

Don mangwaro, lemo da darbejiya na tsakar gida, masu fulawa sun wadatar. Don gona a arewacin Kano, Katsina ko Damagaram, a fara duba kututturan gawo da magarya da ke tohowa da kansu. Sassaben zamani, wanda ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, shi ne a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture a datse sauran. Saiwarsu ta riga ta kai ruwa, don haka ba sa bukatar ban ruwa ko sau ɗaya.