Regileta mai ƙaramin matsi ko mai babban matsi: wacce ta dace da murhunki?

Hajiya, kin ce kina da murhun gas na kan tebur mai kai biyu, kin kuma sayi babban murhun ƙarfe na ƙasa don suyar awara da girkin biki. Mai shago ya nuna miki regileta (na'urar da ake ɗaurawa a bakin tukunyar gas don rage matsinsa) iri biyu, ya ce mai abin murɗawa a ka ta fi ba da wuta, shi ne kike tambaya ko ki ɗauki ita kaɗai ta yi miki duka biyun. Kada ki yi haka. Murhu ne ke zaɓar regileta, kowanne da tasa.

Gas ɗin da ke cikin tukunyar gas ruwa ne, tururinsa ne ke taruwa a sama. Matsin tururin, wanda ake aunawa da ma'aunin bar, yana kamawa daga kusan bar 2 zuwa sama da bar 7, gwargwadon haɗin gas ɗin, kuma yana ƙaruwa a zafi irin na Maris da Afrilu. A cikin regileta akwai faifan roba da sifirin, su ne ke karya wannan ƙarfi kafin gas ya shiga tiyo.

Mai ƙaramin matsi a tsaye take a lamba ɗaya, galibi milibar 28 zuwa 30, wasu 37, tana sakin kilo 1 zuwa 1.5 a awa. Maɓallinta na buɗewa da rufewa ne kawai. Murhun tebur da kuka mai oben don ita aka ƙera su. Mai babban matsi kuwa, wato mai abin murɗawa a ka, ana juya ta daga sifili har bar 2, wasu ma har 4. Bar 1 milibar 1,000 ne, wato ko rabin ƙarfinta kika buɗe, kin tura wa murhun tebur ninki talatin da ɗoriya na abin da yake iya ɗauka. Wutar za ta riƙa gurnani, ta ɗaga daga kan murhu, ta mutu alhali gas na ci gaba da fita. Makunnan murhun sukan fara yoyo, tiyo ma yakan sulluɓe daga bakinsa, kuma duk wannan a cikin kicin, kusa da wuta. Idan aka juya lamarin, aka sa ƙaramar a murhun babban matsi, haɗarin bai kai haka ba, amma wutar za ta fito jajaja ba ƙarfi, ta baƙanta gindin tukunyar girki, domin ƙofar gas ɗin irin wannan murhu 'yar mitsitsiya ce, da gudun gas take jawo iska.

Kada siffa ko launi su ruɗe ki. Akwai mai babban matsi da ake dannawa ta kama bakin tukunya kamar ƙaramar, akwai kuma manyan murhunan ƙarfe da aka yi su don ƙaramin matsi. Ki duba lambar da aka buga a jikin regileta da wadda ke jikin murhu ko kwalinsa, su zo ɗaya. Regiletar da babu lamba a jikinta, ki bar wa mai shago kayansa komai arharta.

Wajen ɗaurawa ma sun bambanta. Mai dannawa tana da girman baki, kamar milimita 20 da 22, kuma ta 22 za ta zauna a bakin 20 kamar ta kama alhali tana tsiyaya. Ki fitar da tukunya fili, ki leƙa bakinta ki tabbata 'yar robar nan tana ciki ba ta tsage ba, maɓalli na rufe, ki danna har ki ji ƙas, sannan ki ɗan ja sama ki ga ba ta fita. Mai zare, irin ta manyan tukwane masu kilo 50, yawanci hagu ake ɗaure ta, da sifana daidai bakinta, ba tare da an shafa mai ko giris ba. Abin da ke yawan rikita mutane a mai babban matsi shi ne murɗinta: dama ne ƙarin wuta, hagu ne ragi. Kafin ki buɗe tukunya ki sassauta murɗin regiletar hagu gaba ɗaya, ki kawo wuta bakin murhu, sannan ki murɗa dama a hankali. In kin gama, tukunya za ki fara rufewa, gas ɗin cikin tiyo ya ƙone, sannan murhu.

Tiyo na gas za ki saya, ba na ruwa ba, kada ya wuce mita 1.5 zuwa 2, da maɗaurin ƙarfe da ake matsewa da sukurudireba a kowane baki. Na babban matsi sai mai zare a cikin jikinsa, wanda aka rubuta yawan matsin da yake jurewa. Bayan kowane cikon gas, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a bakin tukunya da mahaɗun tiyo biyu, murhu na kashe. Inda kumfa ta riƙa hurowa, nan ne yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Abin da ya fi tayar da hankali a gidaje shi ne ɗora dutse a kan regileta don ta daina huci, ko ɗaure ta da robar taya. Hucin nan yana nufin robar bakin tukunya ta mutu ko maƙullin regileta ya saki, kuma canji ne kawai maganinsa.

Agogon da ke jikin wasu regiletoci matsi yake nunawa, ba yawan gas ba, shi ya sa allurar ba ta sauka sosai sai gas ya zo ƙarewa. Amfaninsa na gaske gwajin yoyo ne: ki buɗe gas murhu na kashe, ki rufe, ki jira minti biyar zuwa goma. In allura ta sauka, akwai inda yake fita. Sanin sauran gas kuwa sai da sikeli, ki cire nauyin tukunyar da aka buga a jikinta.

Babban murhu wurinsa tsakar gida ko rumfa mai shan iska. Yana jan gas da yawa, sai ki ga tukunya mai kilo 12.5 tana gumi, wuta ta yi sanyi. Kada ki kwantar da ita ko ki matsar da ita kusa da wuta, domin ruwan gas in ya shiga regileta yakan kumbura kusan ninki 250. Tukunya mai kilo 25 ko 50 ce ta dace da wannan aiki. In kuma kika ji warin gas, ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki ko na fanka. Gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya, don haka ki bar ƙofar a buɗe har warin ya ɓace a kusa da daɓe ma kafin a kunna komai.