Mako 6 da manhajar karatu daga gida: sharhin uwar yara biyu

Ranar Litinin ɗin farko ta zangon nan, ƙarfe 8 saura minti 10, ina durƙushe gaban tebur, waya a hannun dama, kwamfutar hannu a hagu, ina karanto wa ɗan shekara 6 harufa da lambobi guda 14 ɗaya bayan ɗaya. Sunan shigarsa ke nan. Kalmar sirrin kuma daban take, an tura ta imel ɗin babansu, shi kuwa ya riga ya fita. Kafin ya ɗaga waya mun gwada abin da muke zato har sau 5, sai manhajar ta kulle mu na rabin awa. Darasin farko kuwa minti 30 ne cif. Haka autana ya fara aji ɗaya, yana kuka a ƙarƙashin tebur, ni ina kallon agogo.

Makarantar yarana ta koma karatu ta intanet tun farkon zango, ta tattara komai ta zuba a manhaja guda: darasi kai tsaye ta bidiyo, aikin gida, saƙon malamai, sakamakon gwaji. Ba zan kama sunanta ba, don ba ni na zaɓe ta ba, kuma da na yi hira da iyayen da makarantunsu ke amfani da wasu irinta, sai na tarar kukanmu ɗaya ne. Babbar 'yata shekararta 11. Ni kuma ina da aikin ofis da nake yi daga gida, a kan laftof ɗin da yanzu ba ni da iko da shi sai rana ta raba.

Bari in fara da alherinta, don tana da shi. Ana naɗar kowane darasi a ajiye, kuma wannan kaɗai ya canza wa babbar karatu. Yarinya ce mai kunya, ko ba ta gane ba, ba za ta taɓa ɗaga hannu a gaban aji ba, sai ta dawo gida da abin a cikinta. Yanzu ina jiyo ta tana mayar da bidiyon baya. Wata rana na ƙirga, sau 4 ta sake kallon wurin da malamin ke bayanin lissafin rabawa, a na huɗun na ji ta ce, “Au, ashe haka ne!” ita kaɗai a ɗaki. Malamar Turancinsu kuma tana mayar da gyara da muryarta, ba da jan biro ba, kuma na lura yarinyar ta fi karɓar gyaran idan ta ji shi a kunne. Akwai kalandar da ke nuna aikin da ya rage da ranar miƙa shi. A wajen yaron da ya iya karatu da kansa, ya san lokaci, wannan kaya ne mai kyau, ba na tantama.

Matsalar ita ce wanda ya ƙera manhajar ɗan shekara 11 kawai ya hango. Ko kuma ya hango ɗan shekara 6 ɗin, amma ya ɗauka akwai wani babba da ba shi da aikin fari balle na baƙi, zaune kusa da shi daga safe har rana. Wannan babban ba a rubuta shi a takardar da makaranta ta aiko ba, amma in babu shi komai ba ya tafiya. Ni ce shi.

Ka duba abin da ake bukata kafin auta ya shiga aji. Ya nemo darasin yau a cikin jerin rubutu, alhali yanzu yake koyon haɗa baƙi. Ya danna linki, ya amince a buɗe kyamara, ya amince a buɗe makirfo, sannan ya jira a shigar da shi. In sabis ya ɗan yi rawa aka jefo shi waje, sai a sake daga farko. Babu hoto ko launi da zai gane cewa nan ne ajinsa. A mako na biyu na fara yin ɗan zane a takarda duk lokacin da ya kira ni, don in san ko ni ce ke ƙara gishiri. Ranar Laraba, tsakanin ƙarfe 8 da 11, zane 17 na samu. “Mama, Malama ta ɓace.” “Mama, ba na ji.” “Mama, ya ce in danna wani abu.” Ana cikin haka shugabana a ofis yana jiran rahoto. Taura biyu ba ta taunuwa, amma kullum da safe sai na cusa su a baki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu asusun iyali. Yara biyu, makaranta ɗaya, uwa ɗaya, amma in zan duba aikin wannan dole in fita daga na wancan, in sake rubuta harufan nan 14. Yanzu na haddace su fiye da lambar wayata. Jadawalin ma ba ya la'akari da cewa 'yan gida ɗaya na iya raba na'ura ɗaya. Ranakun Talata da Alhamis darasinsu kan zo lokaci guda, kuma sigar manhajar da ke kan waya ba ta nuna allon da malami ke rubutu a kai yadda ya kamata, sai ya fito ƙanƙani kamar kan sarki. Don haka laftof ɗina ya koma hannun babbar, kwamfutar hannu wajen auta, ni da waya ina amsa saƙon aiki da babban yatsa.

Sai miƙa aikin gida, wanda shi ne ainihin jarrabawar iyaye. Malama za ta ɗora takardar PDF a cike gurbi. Ba mu da firinta, don haka ni ke kwafe tambayoyin a littafi da hannu, yaro ya amsa, in ɗauki hoto, in ɗora. Manhajar ba ta karɓar hoto mai nauyi, kuma ba ta faɗa maka dalili, sai dai ta yi ta juya ɗan da'irar nan har ka gaji. Sai da wata uwa ta koya mini dabara: ka buɗe hoton, ka ɗauki hoton fuskar wayar, wannan ya fi sauƙi, shi za ka tura. Sau biyu aikin ya nuna ya tafi, washegari aka rubuta “bai miƙa ba”. Na tura ƙorafi ta wurin neman taimako, amsa ta zo bayan kwana 3, tana cewa in sake kunna na'urar. Sanarwa kuwa ba a magana. Duk abin da wani ya rubuta a aji sai wayata ta yi ƙara, har da gaisuwar yara 28, kuma zaɓin biyu ne kawai: ka ji duka ko ka kashe duka. Na kashe, na rasa sanarwar gwaji ɗaya.

Ajin ƙananan kansa wasan kwaikwayo ne. Malamarsu, Allah ya saka mata, takan cinye minti 10 na farko tana cewa, “Kowa ya rufe makirfo.” Wani na nuna haƙorinsa da ya faɗi, wata ta kawo kyanwarta gaban kyamara, daga wani gidan ana jiyo jariri. Ni ma ban tsira ba. Wata safiya na tsaya a kan auta ina faɗa, “Wallahi in ka sake sauka daga kujerar nan za ka gamu da ni,” sai na ji murya cikin natsuwa daga kwamfutar: “Maman yaro, makirfonku a buɗe yake.” Da ƙasa za ta tsage da na shige. Tun ranar na daina ganin laifin malamai. Matar nan da ke lallashin yara 28 ta cikin ƙananan akwatuna, mai yiwuwa nata 'ya'yan suna bayan ƙofa suna jiran a shigar da su nasu ajin.

Data ma tana tafiya kamar ruwa a kwando. Da na auna a wayata, awa ɗaya ta darasi da kyamara a buɗe tana lashe kusan gigabait 1. Akwai wurin rage kyawun bidiyo, amma an ɓoye shi can cikin saituna, sai a mako na uku na gano shi, kuma ya rage cin sosai ba tare da yaran sun lura ba.

Abubuwan da suka cece ni duk daga wajen manhajar suka zo. Na farko, lasifikar kunne ta yara mai makirfo, irin wadda aka ƙayyade ƙararta kada ta wuce desibel 85. Da ita gidan ya daina zama kasuwa. Ban sake musu ƙarar har ƙarshe ba dai, don ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ga yara desibel 75 ne na awa 40 a mako, saboda haka nake ajiye ƙarar a tsakiya. Na biyu, kafe manhaja a fuska. Wayoyin Android suna da hanyar maƙale manhaja ɗaya yadda yaro ba zai iya fita ba, a iPad kuma ana kiran irinta Guided Access. Kafin in san wannan, nakan leƙo in tarar Malama na magana a bayan fage, auta kuma yana kallon katun. Family Link na Google ya taimaka wajen kulle na'urar in lokaci ya cika, ba sai mun yi kokawa ba. Da babbar ta fara ƙorafin ido, muka ɗauki shawarar nan ta likitocin ido: duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ita tana bi. Auta kuwa ba ya bukata, don bai taɓa kallon wuri ɗaya na minti 20 ba a rayuwarsa.

Nakan ɗan ji nauyin yawan mitata in na tuna lissafin da UNICEF ta fitar a watan Agustan 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu: yara aƙalla miliyan 463, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su samu karatu daga gida ta kowace hanya ba. Mu muna da na'ura uku muna rigima a kansu. Amma wannan ba ya wanke masu manhajar, sai ma ya ƙara musu nauyi. In gida mai na'ura uku da uwa mai aiki a kwamfuta yana shan wannan wuyar, ya gidan da waya ɗaya ce, kuma mai ita zai fita da ita aiki? Gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne: asusu ɗaya ga iyali, babban maɓalli ɗaya mai hoto da zai kai ƙaramin yaro ajinsa, aikin da za a iya saukewa a yi ba tare da intanet ba, da sanarwar da za a iya tacewa.

In za a ba da tauraro, ga ɗan shekara 10 zuwa sama zan ba ta 4 cikin 5, kuma ko an koma aji zan so a bar naɗaɗɗun darussan nan. Ga ɗan ƙasa da shekara 8, 2 ne, ɗaya ma na malamar ne ba na manhajar ba. Wanda makarantar 'ya'yansa za ta fara irin wannan, ya karɓi sunan shiga da kalmar sirri tun ana saura kwana 2, ya gwada su da daddare, ya rubuta su a takarda ya manna a bango, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma sanar da wurin aikinsa tun wuri cewa safiyar makon farko ba tasa ba ce.

Jiya auta ya shiga aji da kansa karon farko. Bai karanta komai ba, ya dai haddace cewa layi na uku ne daga sama. Yau da safe malamar zane ta ƙara sabon darasi a jerin, layi na uku ya koma na huɗu, na tarar da shi zaune tsaf a ajin 'yan aji biyar, ya ɗaga hannu.