Keken Burji a Tudun Jos: Inda Ya Yi Kyau da Inda Ya Gaza

Daga nesa za ka rantse keken tsere ne, saboda kan nan nasa mai lanƙwasa kamar ƙahon rago. Sai ka matso ka ga tayar ta fi kauri, ga ƙananan haƙora a jikinta, birkin kuma na faifai ne irin na babur. Domin hanyar da kwalta ta ƙare aka ƙera shi. A Amurka kasuwarsa ta fara buɗewa, har kamfanin Shimano ya fito da kayan giya na musamman dominsa, GRX, a 2019.

Wanda na gwada jikinsa na alminiyam ne, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai. Taya mai lamba 700, faɗinta milimita 40. Giya ɗaya ce a gaba mai haƙora 40, a baya kuma jeri 11, daga mai haƙora 11 zuwa mai 42. Birkin da mai yake aiki. Ya ga rani ɗaya da damina ɗaya a kan hanyoyin burji na kewayen Jos.

Wurin ya dace da shi ƙwarai. Garin kansa yana kan tudun da ya haura mita 1,200, tsaunukan Shere da ke gabas kuma ƙololuwarsu ta ɗan wuce mita 1,800. Haƙar kuza da aka fara gadan-gadan a farkon ƙarni na 20 ta bar hanyoyin jan ƙasa birjik a wajejen Rayfield, Bukuru da Barikin Ladi, suna zagaye tsoffin kududdufan haƙa da gonakin dankali da kabeji. Mota ba ta cika bin su ba, sai babur jefi-jefi. A irin wannan hanya keken ba shi da na biyu: ya fi keken hawan dutse sauri da rashin cin ƙarfi, kuma idan an fito kwalta tsakanin Vom da Kuru ba ya jan ƙafa.

Amma taya ce ke yanke hukunci, kuma a nan sababbin mahaya suka fi yin kuskure. Al'adarmu a wurin mai faci ita ce a dura iska sai taya ta yi tauri kamar dutse. A kan burji wannan ɓarna ce. Taya mai tauri ba ta lanƙwasuwa ta rungumi tsakuwa, tsalle take yi a kanta. Gargada ta shiga hannu da ƙugu, a kwana kuma gaban ya zame ba sallama. Ga mahayi mai kilo 70 zuwa 75 a kan taya mai milimita 40 marar tib, iskar psi (awon ƙarfin iskar taya) 32 zuwa 35 a gaba da 35 zuwa 38 a baya ta isa. Mai nauyi ya ɗan ƙara. Idan ana jin bakin wil yana dukan dutse, iska ta yi kaɗan, a ƙara biyu ko uku. Ma'aunin iska ɗan ƙarami ya fi matsawa da yatsa gaskiya, kuma kuɗinsa ba shi da yawa.

Sai ƙaya. Tsidau a gefen gona da tsinken shingen ƙerana ba sa barin tib ya kwana lafiya. Shi ya sa tubles, wato taya marar tib, ita ce hanya: a cire tib, a naɗe cikin wil da tef ɗinsa, a zuba ruwan liƙi mililita 50 zuwa 60 a kowace taya. Ƙaramin huji da kansa yake toshewa ana cikin tafiya. Inda abin yake ɓaci shi ne hunturu. Bushewar iska tana shanye ruwan da wuri, wata biyu ma sai ka tarar ya zama danƙo manne a jikin taya, ranar da ƙaya ta shiga kuma babu abin da zai toshe. A girgiza wil ɗin kusa da kunne. Idan ba a ji motsin ruwa ba, a ƙara. Yankan kaifin dutse a gefen taya kuwa ya fi ƙarfin ruwan liƙi, dole a riƙe tib guda a jaka da ɗan yankin tsohuwar taya da za a sa daga ciki a rufe tsagar.

Wani ƙaramin abu mai tsayar da tafiya: bawul ɗin siriri ne, wanda ake kira Presta, bakin injin mai faci kuma na bawul mai kauri ne irin na mota da babur. Ba za su haɗu ba sai da ɗan mahaɗin tagulla, bai kai kan yatsa ba. A saye shi a bar shi a jaka, tare da famfon hannu.

Giyar da ya zo da ita ban gamsu da ita ba. A giya mafi sauƙi, 40 a gaba 42 a baya, juyin feda ɗaya yana tura keken kamar mita 2.1. A hawa mai sauƙi babu laifi. A hawan da ya miƙe tsaye mai sakakkiyar tsakuwa, irin wanda ake samu idan an bi ta Lamingo an doshi Shere, ta yi nauyi. Mutum zai so ya miƙe tsaye a kan feda, yana tashi daga sirdi kuma nauyi ya bar tayar baya, ta shiga juyawa a wuri ɗaya. Maganin shi ne a zauna, a ɗan sunkuyo gaba, a samu giyar da ta fi wannan laushi. Canja ta gaba zuwa mai haƙora 38, ko 36 idan an samu wadda ta dace, yana sauko da juyin zuwa ƙasa da mita 2. Abin da aka rasa kaɗan ne: ko da mai 36, ana iya kai wa kusan kilomita 39 a awa a shimfiɗe, wa ke neman fiye da haka a burji? Mai sayen sabo kuwa ya duba mai giya biyu a gaba, 46 da 30, da 34 a baya. Ta fi dacewa da ƙasar tuddai, sai dai ƙarin wurin maƙalewar taɓo.

Taɓon kuwa shi ne babban abokin gabarsa. Daga Yuli zuwa Satumba jan ƙasar nan takan zama kamar tuwo, ta naɗe taya har ta cike tazarar da ke tsakaninta da jikin keke, wil ya ƙi juyawa. Wanda ya dage da taka feda a haka, ko dai sarƙa ta tsinke ko ɗan ƙarfen da na'urar canja giya take rataye a jikinsa ya lanƙwashe. An yi shi da laushi da gangan domin ya karye a madadin jikin keken, kuma kowane keke da irin nasa, ba a samunsa a wurin mai gyaran Rali na unguwa. A yi odar guda biyu tun ranar saye. A damina a bar tazarar aƙalla milimita 6 ta kowane gefen taya, ko da hakan na nufin komawa mai milimita 38.

Birkin ya yi abin a yaba. Yatsa ɗaya ya isa a gangara mai tsawo, ruwa ma bai rage masa kamu sosai ba. Sharaɗi biyu ne. Takalmin birki na roba-roba yashi da taɓo suna cinye shi da sauri, na ƙarfe ya fi jurewa ko da yake yana ƙara. Na biyu, man birki iri biyu ne: na Shimano man ma'adini ne, wasu kamfanoni kuma suna amfani da wanda ake kira DOT, irin na birkin mota. Aka haɗa su, robobin ciki sun lalace. Kada a bari bakanike ya cika da abin da ke hannunsa.

Sarƙa ba ta son baƙin mai. Yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya ci sarƙa da haƙora tare. Man sarƙa busasshe mai kakin zuma a rani, mai danshi a damina, a goge da tsumma bayan kowace fita. Da ma'aunin sarƙa ya nuna ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari a canja ta, tun kafin ta ja jerin haƙoran baya, wanda ya ninka ta tsada.

Inda hanya ta koma manyan duwatsu da matakala, kamar can saman Shere, keken ya ƙare. Ba shi da abin shanye gargada, sai a sauka a saɓa shi a kafaɗa. Mai son irin wannan wuri keken hawan dutse ne nasa.

Shirun hanyoyin nan yana da nasa sharaɗi. Wasu yankunan Riyom, Barikin Ladi da Bokkos sun sha fama da rikici, don haka a tambayi mutanen wuri kafin a shiga, a fita aƙalla mutum biyu, a dawo kafin la'asar sakaliya. Idan an ci karo da garken shanu a tsaya a yi sallama a bari su wuce. Ruwan kududdufan haƙa ba na sha ba ne, ba kuma na wanka ba, zurfinsu ya fi yadda ido ke gani. Gora biyu masu mililita 750 za su kai mutum awa biyu zuwa uku da safe, sanyin Disamba kuma yana sa a manta da sha, sai ciwon kai ya tuna wa mutum.

Ga wanda yawancin tafiyarsa burji ce gauraye da kwalta, na ba shi huɗu cikin biyar. Ɗayan da na riƙe na giya ne da wahalar kayan gyara. Idan kuɗi ba su kai ba, a haƙura da jikin kabon mai tsada, a sayi na alminiyam wanda zai iya ɗaukar taya mai milimita 45, ragowar a zuba a tayoyi masu ƙarfin gefe, ruwan liƙi, da hular kwano.