Bitar Akwatin Faifai Biyar na Blade Runner: Darakta Ya Samu Abin da Yake So, Asalin Fim Ɗin Ma Bai Ɓace Ba

A watan Disamba na 2007 kamfanin Warner Bros. ya fitar da fim ɗin Blade Runner na Ridley Scott a cikin akwati mai faifai biyar, a tsarin DVD da Blu-ray da kuma HD DVD wanda ya mutu a kasuwa ba da daɗewa ba. Akwatin yana ɗauke da siga biyar ta fim ɗaya. Akwai kwafin gwaji da aka nuna wa 'yan kallo kafin fitar fim ɗin, da sigar da aka haska a sinimomin Amurka a 1982, da wadda aka kai ƙasashen waje a wannan shekarar, da sigar darakta ta 1992, sannan da Final Cut ta 2007 wadda ita kaɗai ce Scott ya kammala bisa ra'ayinsa ba tare da wani ya sa masa baki ba. Duk da shekarun da kayan ya yi a kasuwa, ina ganin har yanzu shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa gwada sauran kamfanoni da shi, domin ya nuna cewa cika burin darakta ba ya hana a bar wa jama'a fim ɗin da suka fara gani, matuƙar masu haƙƙin mallaka sun amince.

Ba za a gane darajar akwatin ba sai an san yadda fim ɗin ya kuɓuce daga hannun mai shi tun farko. A dokar Amurka, fim ɗin da aka yi wa kamfani aiki ne na ƙwadago, kuma kamfanin ne doka ta sani a matsayin mai shi, darakta kuwa ma'aikaci ne sai fa idan kwantiraginsa ta ba shi ikon yanke hukuncin ƙarshe a kan haɗa hoto, abin da daraktoci ƙalilan suke samu. Da kuɗin aikin Blade Runner suka zarce kasafi, sai wuƙa da nama suka koma hannun Bud Yorkin da Jerry Perenchio, waɗanda suka tsaya jinginar cewa za a kammala fim ɗin. Bayan nunin gwaji a Denver da Dallas ya nuna cewa mutane sun ruɗe da labarin, aka ƙara muryar Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin jarumin labarin Deckard mai farautar mutanen da aka ƙera, tana bayani a bayan fage, aka kuma liƙa ƙarshe mai daɗi inda Deckard da masoyiyarsa Rachael, wadda ita ma ƙirarta aka yi, suke tafiya a mota cikin hasken rana a tsakanin duwatsu da itatuwa. Hotunan samaniyar da aka yi amfani da su a wurin ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka ne don fim ɗinsa The Shining. Ford ya sha faɗa a fili cewa bai ji daɗin wannan murya ba, ko da yake ya musanta zargin cewa da gangan ya karanta ta a kasalance.

Faifai na farko shi ne Final Cut, mai tsawon minti 117, kuma a nan aka zuba yawancin kuɗi da ƙwarewa a ƙarƙashin kulawar Charles de Lauzirika. An koma ga asalin fim ɗin kyamara aka tsabtace shi, aka sake haɗa sauti, kuma sakamakon yana bayyana tun daga hoton farko, inda wuta take tashi daga bututun masana'antu a saman birnin Los Angeles cikin dare. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙancin gyare-gyaren da kuma dalilinsu. A wurin da Zhora, ɗaya daga cikin waɗanda Deckard yake farauta, take gudu tana fasa gilasan shaguna bayan an harbe ta, duk mai ido ya san cewa a tsohuwar siga wata mace ce daban sanye da gashin kanti wanda bai zauna mata ba. Sai aka kira 'yar wasan ta asali, Joanna Cassidy, bayan shekara 25, ta maimaita motsin kanta a gaban kyamara, aka ɗora fuskarta a kan jikin waccan. Haka nan a wurin da Deckard yake tambayar mai sayar da macizai, inda magana ba ta bin motsin leɓe, an ɗauki bakin Ben Ford, ɗan Harrison, yana furta kalmomin, aka daidaita. Kurciyar da Roy Batty, jagoran waɗanda Deckard yake farauta, ya saki a lokacin mutuwarsa, wadda a da take tashi zuwa shuɗiyar samaniya alhali wurin dare ne ana ruwa, yanzu tana tashi cikin duhun da ya dace da yanayin. Waɗannan kurakurai ne na gaggawa da ƙarancin kuɗi, kuma babu laifi ga darakta ya gyara su.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan wannan faifai, shi ne launi. An karkatar da hoton zuwa kore-kore mai sirkin shuɗi fiye da yadda yake a sigogin baya, kuma a wasu wuraren cikin ɗaki launin fatar 'yan wasa ya rasa ɗuminsa. Zaɓin Scott ne, yana da damar yin sa, ni kuma ban so shi ba. Sai dai ƙorafin nawa bai zama damuwa ba, saboda faifai na uku yana nan a cikin akwati ɗaya, kuma wannan faifai shi ne ainihin dalilin da ya sa nake ba da shawarar sayen kayan.

A faifai na uku aka tara sigar Amurka ta 1982, da ta ƙasashen waje mai ƙarin 'yan daƙiƙoƙi na zubar da jini, da ta 1992. An yi amfani da wata dabara ta ajiye sassan da sigogin suka yi tarayya a kansu sau ɗaya kawai, na'ura kuma tana tsallakawa zuwa sashen da ya bambanta gwargwadon abin da mai kallo ya zaɓa, kuma ban lura da wata tangarɗa ba a wuraren haɗin. Kafin kowace siga ta fara, Scott yana fitowa ya yi ɗan gajeren jawabi, bai kuma ɓoye cewa ba ita ce zaɓinsa ba. Na ga mutunci a cikin wannan hali, domin ya faɗi ra'ayinsa a fili sannan ya bar mutane da idanunsu. Hoton bai kai na Final Cut tsabta ba, kuma a bayyane yake cewa ba a kashe masa irin wancan kuɗi ba, amma an yi masa aiki na kirki, ya cika allo yadda ya kamata, launinsa kuma ya fi kusa da abin da aka sani a da.

Wanda ya kalli sigar 1982 sannan ya bi ta da ta 2007 zai ga cewa bambancinsu ya wuce na ado. Kusa da ƙarshen labarin, Deckard yana tsintar ɗan ƙaramin doki mai ƙaho ɗaya da ɗan sanda Gaff ya naɗa da takarda mai ƙyalli ya ajiye a ƙofar gidansa. A sigar 1982 ma'anar a sarari take: Gaff ya zo, ya iske Rachael, ya ƙyale ta da ranta. Amma daga 1992 aka saka wani wuri a tsakiyar fim ɗin inda Deckard yake ganin irin wannan doki yana gudu a daji cikin mafarkinsa, don haka takardar nan ta koma alamar cewa Gaff ya san abin da ke cikin kan Deckard, wato ƙila shi ma ƙirarsa aka yi aka dasa masa tunani kamar waɗanda yake farauta. Hoto na 'yan daƙiƙoƙi ya sauya tambayar da fim ɗin yake yi gaba ɗaya. Masu sharhin da suka rubuta ra'ayinsu a 1982, da matasan da suka riƙa kallonsa a kaset har suka ɗaga sunansa bayan bai yi kasuwa a sinima ba, da daraktocin da suka kwaikwayi fasalinsa, duk sigar mai muryar bayani suka gani. Idan aka janye ta daga kasuwa, abin da suka rubuta da abin da suka yi zai zama magana a kan fim ɗin da babu mai iya dubawa. Hakan ma ya faru na ɗan lokaci, domin tun daga fitowar DVD ta farko a 1997 har zuwa wannan akwati, sigar 1992 kaɗai ake samu a faifan DVD.

Jinkirin ba daga darakta ya fito ba. Tun wajen farkon shekarun 2000 aka fara aikin gyaran, sai rikici a kan haƙƙin mallaka tsakanin Warner da ɓangaren Perenchio ya tsayar da komai na tsawon shekaru, ba a daidaita ba sai a 2006. Wannan yana tuna wa mai saye cewa abin da yake isowa gidansa ya dogara ne a kan takardun kwantiragi fiye da ra'ayin kowane mai fasaha. A Faransa al'amarin ya sha bamban, domin doka ta amince cewa mai fasaha yana da haƙƙin kare mutuncin aikinsa ko da ya sayar da shi, shi ya sa a 1991 babbar kotun ƙasar ta goyi bayan magadan John Huston a kan nuna The Asphalt Jungle da aka shafa wa launi, alhali a baƙi da fari ya yi shi. Amurka ba ta ba daraktoci irin wannan kariya ba. Sai dai ko dokar Faransa, mai fasaha take karewa daga kamfani, ba ta tilasta wa kowa ya ci gaba da sayar da tsohuwar siga idan shi mai fasahar ne ya juya mata baya.

A nan ne kwatanci da Star Wars ya zama dole. George Lucas shi ya yi uwa ya yi makarɓiya, domin shi ne mai fasahar kuma shi ne mai kamfanin Lucasfilm. A 1988 ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka yana sukar masu sauya tsofaffin fina-finai don neman riba, kuma adalci ne a faɗi cewa haƙƙin mai fasaha a kan kamfani yake karewa a lokacin. Daga 1997 ya fara sauya nasa fina-finan, ya ƙara a 2004 da 2011, har da sanannen wurin da aka mayar da Greedo ya riga Han Solo harbi. Da matsin masoya ya yi yawa, a 2006 aka saka asalin sigogin a matsayin faifan ƙari, amma daga tsohon kwafin LaserDisc na 1993 aka ɗebo su, ba a gyara ba, kuma a talabijin mai faɗi hoton yana fitowa ƙarami a tsakiya da baƙi kewaye da shi ta ko'ina. Shekara ɗaya ce tsakanin wannan faifai da akwatin Blade Runner, wanda ya nuna cewa fasahar yin aikin da kyau tana nan, niyya ce babu. Disney ta sayi Lucasfilm a 2012 a kan dala biliyan huɗu da 'yan kai, ta kuma mallaki Fox a 2019, kamfanin da yake riƙe da haƙƙin rarraba fim ɗin 1977, amma shekaru suka biyo bayan cinikin ba tare da an ba masu kallo a gida gyararren kwafin asali ba. Steven Spielberg ya bi wata hanya da E.T., inda a 2002 ya mayar da bindigogin jami'ai rediyon oba-oba, amma ya sa aka haɗa sigar 1982 a cikin DVD, daga baya kuma ya ce ya yi nadamar sauyin, har Blu-ray na 2012 ya fito da asalin kaɗai.

Faifai na biyar, kwafin gwaji, na masu son bin diddigi ne. Shi ne wanda aka haska a wata sinima a Los Angeles a 1990, jama'a suka yi cincirindo a nune-nunen da suka biyo baya, har Warner ta ga akwai kasuwa ta yi gaggawar fitar da sigar 1992 wadda Scott bai samu lokacin kammalawa yadda yake so ba. Hotonsa yana da gautsi da dishi-dishi, kiɗan sashen ƙarshe na aro ne ba na Vangelis, wanda ya yi wa fim ɗin kiɗa, ba, kuma akwai sharhin Paul Sammon, marubucin tarihin fim ɗin, a kai mai amfani ƙwarai. Faifai na biyu yana ɗauke da Dangerous Days, shirin tarihi na kusan awa uku da rabi inda ma'aikata da masu kuɗin suka yi magana ba tare da rufa-rufa ba game da rashin jituwar da aka yi a wurin aiki. Na huɗu tarin guntaye ne, wasu masu kyau, wasu na cika wuri.

Wanda zai nema yau ya lura da abubuwa biyu. A bugun Blu-ray, faifai na biyu da na huɗu DVD ne na yau da kullum, don haka kada a sa ran tsabtar hoto a cikinsu. Sannan bugun 4K na 2017, duk da kyawunsa, Final Cut kaɗai aka ɗaga zuwa wannan mataki, wanda a ganina koma baya ne daga alƙawarin da akwatin 2007 ya ɗauka, kamar yadda manhajojin kallo ta intanet su ma suka fi ba da siga ɗaya ba tare da bayyana wa mai kallo tarihinta ba. Akwai kuma bugun da aka saka a cikin jaka irin ta Deckard, tare da ƙaramar mota ta wasa da dokin takarda, amma faifan ciki ɗaya ne da na akwatin da ba shi da ado, kuma ƙarin kuɗin na masu tara kayan tarihi ne kawai. Kafin a biya, musamman idan na hannu ne, a buɗe a ƙirga faifan, a tabbatar na uku da na biyar suna ciki, domin akwai bugu mai faifai biyu da mai huɗu masu kama da shi a bango, kuma mai biyun ba shi da sigar 1982 ko kaɗan.